Talabijin ɗin Inna a Karafan

Talabijin ɗin ya faɗo ya tafi da bangon karafan, kuma ni na ɗaura shi da hannuna. Ba wanda ya taya ni, saboda haka ba wanda zan ɗora wa laifi. Na nema, ban samu ba.

Sunana Lurwanu, mai walda ne ni. Warshata, wato shagon aikina, tana bayan Anbariyya a nan Madina, shekara talatin ke nan ina ƙera ƙofofi da tagogi da ƙarfen da ake ɗora na'urar sanyaya ɗaki. Gidana yana Ranuna. Mu uku muka rage a cikinsa tun da yara suka yi aure: ni, da matata Safiyyatu, da mahaifiyata Hajiya Uwa wadda muke ce wa Inna.

A shekarar 1997 Inna ta zame a banɗaki, ƙashin ƙugunta ya karye. Aka yi mata aiki, ƙashi ya haɗu, amma tsoro bai fita daga jikinta ba. Shekara biyu cur ba ta taka bakin ƙofar gida ba. Wannan kuwa mace ce da in an yi ruwan sama a Madina, ita ke fara shiga mota da butar shayi da gawayi a hannu, tana yi mana faɗa mun cika nawa. Yanzu in na ce mu fita shan iska sai ta ce, "Fita ɗaya ta rage mini, ranar da za ku kai ni Baƙi'a." Maƙabarta take nufi. Duk ranar da ta faɗi wannan maganar, abinci ba ya shiga mini.

Na zauna na lissafa abin da take tsoro. Zama mai tsawo, da rashin banɗaki, da kwanciya a ƙasa. Sai na je kasuwar tsofaffin motoci na sayo karafan, wato ɗakin nan mai taya da ake ja da mota. Tsoho ne, amma akwai gado a ƙuryarsa, akwai ɗan banɗaki. Na jawo shi na ajiye a ƙofar gida, na buɗe tagar ɗakinta don ta gani.

Ta daɗe tana kallonsa. Inna ba ta kiran sunana saboda ni ne ɗan fari, Mai Ƙarfe take ce mini.

"Mai Ƙarfe, wannan kejin kajin fa?"

"Ɗakinki ne, Inna. Za mu kai shi wadi, can kwarin bayan gari, ki kwanta a gadonki kina jin ƙamshin ƙasa."

"Da talabijin a ciki?"

"Babu."

"To ka mayar musu da abinsu."

Na san dalili. Kullum in magariba ta yi, sai ta kunna talabijin ta kalli sallar Harami ta Makka, ta saurari karatun liman daga farko har ya sallame, sannan ta kashe ta yi tata sallar a zaune. Tun da ta kwanta ba ta taɓa fashi ba. Ta ce ƙafarta ta daina zuwa, kunnenta ne ke zuwa a madadinta.

Na ce zan sa talabijin. Ta ce saura ɗaya: kada ya kasance a gabanta in za ta yi salla.

"Inna, ai Ka'aba ce a ciki."

"Ka'aba ce yanzu. An jima kuma wani mai gashin baki ya fito yana karanta labarai. Shi zan yi wa ruku'u?"

"Ai a kashe yake lokacin."

"Ko a kashe yake na san yana ciki."

A gida wannan ba matsala ba ce. Kowane ɗan Madina ya san bangon alƙiblar ɗakinsa, kudu ne, ba ya canjawa. Amma karafan yau ya kalli nan, gobe ya kalli can, kuma a wadi ƙasa ce ke gaya maka inda za ka tsaya, ba kai ba. Bangon da ke bayanta yau shi ne alƙiblarta mako mai zuwa.

Safiyyatu ta ce, "Abu Walid, ka ɗora shi a kan kwali mana. In za ta yi salla a ɗauke a kai wancan gefen. Shi ke nan."

Na ce, "Ummu Walid, kin ji abin da kika faɗa? Uwar mai walda ta kalli talabijin a kan kwali? Abokan sana'ata su ji, ina zan sa kaina?"

Ta ce, "Tayyib," ta koma madafa. In Safiyyatu ta ce tayyib da wannan muryar, to ba ta yarda ba ne, ta bar ka da halinka.

Washegari na shiga wani shagon kayan lantarki a Anbariyya na ce a nuna mini hamil, ƙarfen da ake ɗora talabijin a bango. Mai shagon ya fito da iri uku. Na farko kanta ce kawai, ba ta motsi. Na biyu daga rufi ake rataye shi, kuma rufin karafan ɗin ko ni sai na sunkuya. Na uku yana da hannu mai gwiwa, ana iya juya shi hagu da dama. Shi nake so. Na ɗauke shi na ji nauyinsa, na matse shi da hannu biyu sai na ji yana lanƙwasa.

"Wannan kayan wasan yara ne?"

Ya ce, "Ya usta," haka ake kiran mai sana'ar hannu a nan, "na ƙaramin talabijin ne, inci goma sha huɗu."

Ni kuwa inci ashirin na riga na saya, domin idon Inna ya yi rauni. Akwati ne mai ƙaton ƙeya, sai ka rungume shi kafin ka ɗaga. Na ajiye wa mai shagon abinsa, na ce zan ƙera nawa.

Kwana uku na yi a kansa. Na yi amfani da ƙarfen da nake ƙera ƙofar gareji da shi. Na yi masa hannu mai tsawo da gwiwa biyu, yadda zai kai talabijin daga wannan gefen gadon zuwa wancan, ko ya naɗe shi ya maƙala a bayanta. Na goge waldar har ba a ganin inda ƙarfe ya haɗu da ƙarfe, na fesa masa farin fenti. Da na gama na ɗaure shi a ginshiƙin warsha, na kama hannun na ɗage ƙafafuna na yi lilo. Ni mutum ne mai jiki. Ko ƙara bai yi ba. Har yau ina faɗa, a duk Madina ba a taɓa ƙera hamil kamarsa ba, kuma abin da ya faru bai shafi waldata ba.

Ranar da zan ɗaura shi, maƙwabcina Muhandis Jibril ya leƙo. Injiniya ne daga Zariya, aiki ya kawo shi Madina, mutumin kirki ne amma ba ya iya ganin abu ya yi shiru. Ya shigo karafan, ya ɗaga hamil ɗin da ƙyar, ya ajiye. Sannan ya ƙwanƙwasa bango da bayan yatsa.

"Usta Lurwanu, ka ji ƙarar nan?"

"Na ji. Bango ne."

"Ba bango ba ne. Siririn katako ne a ciki, kwano a waje, soso a tsakiya. Akwai 'yan sanduna a ɓoye kamar haƙarƙari, su kaɗai ke da ƙarfi. Ka nemo su, ka shimfiɗa faffaɗan katako a kansu, ka ɗaure naka a jikin katakon. Kuma wannan abin naka ya yi nauyi. Shi kaɗai ya kusa kai nauyin talabijin ɗin."

"Nauyinsa ne ƙarfinsa."

"In a ginin dutse ne, haka ne. Kuma in za ku yi tafiya, ka sauke talabijin ɗin ka ajiye a ƙasa."

"Muhandis, kai a takarda kake ɗaura abu. Ni a bango nake ɗaurawa. Ka zaga Uhudu ka zaga Ƙuba, ka nuna mini ƙarfe ɗaya nawa da ya taɓa faɗowa."

"Waɗancan gidajen ba sa tafiya a kan titi, Usta."

Na ce masa shayi yana cikin gida in yana so. Ya yi dariya ya tafi.

Na huda ramuka takwas. Gaskiya injin hudar ya shige da sauƙin da ya ba ni mamaki, kamar ana huda burodi. Sai na ce ai shi ya sa na yi takwas maimakon huɗu. Na cusa robobin da muke cusa wa a ramin bulo, na ɗaure notina har sai da katakon ya ɗan lotsa. Na ɗora talabijin. Ya zauna. Na juya shi hagu, na juya shi dama, na naɗe shi. Na bar shi kwana biyar a haka, kullum da safe sai na leƙa, yana nan daram. Na kira Jibril ya gani. Ya ce, "Masha Allah, a tsaye yana da kyau." Na yi kamar ban ji rabin maganar ba.

Aka yi ruwa ranar Talata, aka ƙara ranar Laraba. Ranar Alhamis bayan azahar na shiga ɗakin Inna na ce komai ya haɗu, janareta da eriya da duk abin da ta ce. Na shirya jin wani sabon sharaɗi. Sai na ga ta riga ta sa abayarta tana zaune a bakin gado, carbi a hannu.

Muka tura ta a kekenta na marasa lafiya har bakin ƙofa. Da tayar ta taɓa dokin ƙofar sai ta ce a tsaya. Ta kalli titi sama da ƙasa kamar baƙuwa. Sannan ta ce, "Bismillah. Tura."

A nan aka yi gardama. Inna ta ce a kwantar da ita a gadon karafan, ta yi tafiyar a kwance. Ni ma na goya mata baya, na ce ai don haka na sayo shi. Safiyyatu ta tsaya a ƙofar karafan ta riƙe ƙugu.

"Wallahi ba za ta hau ba yana tafiya. Inna, ki yi haƙuri, gaban mota za ki zauna. Na sa miki matasai biyu."

"Yarinyar nan, ni kike ba umarni?"

Matar da ta yi jikoki huɗu ake ce wa yarinya. Safiyyatu ta ce, "E, Inna, yau kaɗai. Gobe ki rama."

Inna ta yi tsaki, ta bari muka ɗaga ta muka sa a gaba. Kafin in rufe karafan na ƙara ɗaure notin gwiwar hamil ɗin don kada ya motsa. Maganar Jibril ta sauke talabijin ta zo mini a rai, na kore ta.

Muka wuce Uhudu muka miƙa arewa. Muka bar gidaje a baya. Daga nan Inna ta fara. Wannan ginin yaushe aka yi shi, ina gonar dabinon da ke nan, me ya sa nake tuƙi kamar mai ɗauke da ƙwai. Safiyyatu ta taɓo ni daga baya, na gane abin da take nufi. Inna ta dawo.

Muka sauka daga kwalta muka shiga hanyar ƙasa, wadda ruwa ya yi wa kunya-kunya. Mota tana karkarwa, haƙora suna haɗuwa. Can muka faɗa wani ɗan kwari, na ji wani abu ya ce dum a baya. Safiyyatu ta ce, "Mene ne wancan?" Na ce tukunya ce.

Muka tsaya a gindin wasu itatuwan ƙaya, ruwa yana gudu siriri a kan duwatsu, ciyawa ta fara tsirowa. Na fita na zagaya don in kwance karafan daga mota. Sai na ga wani farin ƙarfe ya leƙo ta jikinsa, ta waje. Na tsaya ina kallonsa. Fentina ne.

Na buɗe ƙofa. Haske yana shigowa ta inda bai kamata ba. Katakon bango ya ɓalle tun daga taga har kusan rufi, soso ya watse ko'ina, gindin hamil ɗin ya yaga kwanon waje ya yi rami da kan mutum zai wuce. Notina takwas suna nan a ɗaure, kowanne da ɗan guntun katakonsa. Talabijin kuwa yana kan gado, ya kife da fuska, kusurwarsa ta nutse a tsakiyar matashin kai. Matashin da na gyara wa Inna da hannuna da safe. Gilashi ya cika bargon.

Ban san lokacin da na zauna a matakalar ƙofa ba. Safiyyatu ta zo ta leƙa ta kan kafaɗata. Ta ga matashin. Na jira ta faɗi abin da take da haƙƙin faɗa. Ba ta faɗa ba. Ta dafa kaina, ta ce, "Alhamdu lillahi. Tashi ka ɗauko tsintsiya, ga Inna can tana kiran ka."

Na so in ɓoye wa Inna, amma ina za ka ɓoye rami a jikin ɗaki? Ta ce a tura ta ta gani. Muka tura kekenta bakin ƙofa. Ta kalli bangon, ta kalli gadon, ta daɗe a kan matashin. Na ga yatsunta sun ƙanƙame hannun keken. Na ce a raina shi ke nan, yanzu za ta ce a mai da ita gida, kuma ba za ta sake fitowa ba sai waccan fitar da take faɗa. Ni da na yi duk wannan don in cire mata tsoro, ga shi na ƙera mata sabo, na fesa masa fenti.

"Inna, in kin ce mu koma, yanzu za mu koma. Za mu iske sallar Harami a gida."

"Ka yi mini shiru."

Na yi shiru.

"Wa ya ɗaura?"

"Ni."

"Ba wanda ya ce maka kada ka yi haka?"

"An ce."

"Ubanka sak." Ta juya ga Safiyyatu. "Ke kuma, Allah ya yi miki albarka. Rashin kunyarki ya yi rana. Ku kakkaɓe gadon nan, bayana ya gaji. A ɗora shayi."

Muka share gilashi, muka juya katifa, Safiyyatu ta ɗauko wani bargo daga mota. Na fitar da talabijin da hamil na jefar a gindin itace. Muka kwantar da Inna. Iska tana shigowa ta ramin, na ce bari in toshe da kwali, ta ce in ba ta shayinta tukuna. Ta sha kofi uku. Ta sa Safiyyatu ta tsinko mata ciyawa ta murje a hannu tana shaƙa.

Rana ta yi ƙasa. Na ga tana duban agogon hannunta. Na ce, "Inna, bari in matso da mota in kunna rediyo. Su ma suna sa sallar."

"Rediyo ne ya fasa mini talabijin?"

"A'a."

"Wanda ya fasa shi zai biya. Shekara biyu ban yi magariba ba sai na ji karatu a bayyane. Ka kashe mini liman, to ka zama shi. Yi alwala ka shiga gaba."

Na ce mata wasa take yi. Ni tun ina shekara tara na gudu daga gaban malam na shiga warsha, kuma ita ta fi kowa sani, domin ita ta yi ta bi na da bulala. Sallata a bayan liman take, a sahu na uku, kusa da ƙofa. Gajerun surori uku nake juyawa tun ina saurayi. Ban taɓa jan kowa salla ba, ko 'ya'yana, da suka taso su nake turawa gaba.

"Inna, ga Ummu Walid nan, ta fi ni karatu nesa."

"Na ga alama. Amma kai ne namiji a nan. Yalla, lokaci yana tafiya."

Na daidaita alƙibla, na bar inda rana ta faɗi a hannun dama. Muka juya Inna a kan gadon, aka buɗe ƙofar karafan, Safiyyatu ta tsaya kusa da ita, ni na shimfiɗa darduma a ƙasa a gabansu. Na yi kiran salla, na tada iƙama. Da na buɗe baki zan yi karatu, muryar da ta fito ban san ta ba. Ni da nake yi wa leburori tsawa a ji a ƙarshen layi, sai ga ni ina rawar murya kamar ɗan akuya. A raka'a ta biyu na tsallake aya, na ji tafin hannu a bayana, na koma na gyara. Ban san ko tafin Inna ba ne ko na matata, kuma har yau sun ƙi gaya mini.

Da na sallame rigata ta jiƙe sharkaf, ga kuma sanyi. Ban iya juyowa ba. Can na ji Inna tana jan hanci. Ta ce iskar ramin ce ke shigar mata ido, in tashi in toshe.

Muna hanyar komawa ta ce, "Alhamis mai zuwa a fito da wuri. A zo da nama."

Na kusa sakin sitiyari.

"Kuma waɗannan surorin na ji su. Kada ka sake kawo mini su. Sabuwa nake so."

"Inna, ai zan sayo wani talabijin."

"Ka sayo. Amma limamin gida ne da ni, kai ne na fita."

Na gyara bangon. Na je har gida na kira Muhandis Jibril, ya zo ya nemo sandunan nan da ƙwanƙwasa, muka shimfiɗa katako, muka ɗaura ɗan hamil ɗin shago da na raina, da ƙaramin talabijin da ake saukewa in za a tafi. Bai yi mini gori ba, sai dai ya tambaye ni sau uku ko ina son ya rubuta mini a takarda. Inna tana kallon Harami a kansa in mun fita, ta saurara har liman ya sallame. Sannan ta kashe, ta ce a juya shi baya, ta ce, "Mai Ƙarfe, shiga gaba."

Shekara huɗu ke nan. Kullum bayan asuba, kafin in tafi warsha, ina zaune a tabarma gaban Safiyyatu na naɗe ƙafa, da furfurata da komai, tana biya mini aya ina maimaitawa. Ba ta da sassauci ko kaɗan. In na yi kuskure sai ta ƙwanƙwasa ƙasa da yatsa ta ce, "Sake, Abu Walid." Wani lokaci sau goma. Ranar Laraba kuwa ba a ba ni karin kumallo sai na kawo surar gobe ba gyara.